Filin Matafiya: Jirgi ya yada zango, in fita gari ko in zauna a filin jirgi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan tambayoyin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, mutum zai wuce ta wani babban birni, yana da awa goma ko kwana ɗaya ko biyu a hannu, yana so ya ga gari ya ci abincin mutanen garin amma yana tsoron kar jirgi ya tashi ya bar shi. Na zaɓo guda biyar, sauran sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da maigidana za mu je Umara ta Istambul, a dawowa muna da awa 11 kafin jirginmu na Abuja. Shi ya ce mu nemi kujera mu kwanta kawai, ni kuma wallahi tun ina budurwa nake son ganin masallatan garin nan. Awa 11 za ta isa? Kuma me za mu ci, don shi maigidan in ba tuwo ko shinkafa ba ba ya taɓa komai. Daga wata Hajiya a Kaduna.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya karɓi ibada. Za ta isa, amma fa ki fara cire ranki daga cewa awa 11 kike da ita, don ba ita kike da ita ba. Bari mu yi lissafi. Daga saukar jirgi zuwa ku fito daga layin buga fasfo ki ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, filin jirgin nan da suka koma cikinsa a 2019 gari guda ne, tafiyar ƙafa kaɗai sai ta ci miki minti ashirin. Daga can zuwa tsohon gari wajen kilomita 40 ne, ki sa awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, sannan dole ku kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi. Kin ga abin da ya rage bai wuce awa huɗu ba. To awa huɗun nan ita ce jarinki, kuma tana da yawa in ba a watsar da ita wajen son ganin komai ba.

Kafin komai maganar biza. Zama a cikin filin jirgi ba ya buƙatar bizar Turkiyya, amma fita gari yana buƙata, kuma dokarsu kan fasfonmu ta sha canzawa, don haka tun kuna gida ku tambayi ofishin jakadancinsu, kar ku tsaya kan cewar ejan ko cewar wata da ta je shekara uku da suka wuce. In bizar ta samu kuma da Turkish Airlines kuka zo da shi za ku wuce, suna da wani shiri da suke kira Touristanbul, mai jiran jirgi tsakanin awa 6 zuwa 24 suna ɗaukarsa a bas su zaga da shi gari da mai yi masa bayani, su ciyar da shi su dawo da shi, kyauta. Ga mai zuwan farko irinku shi na fi so muku, saboda su ne ke riƙe da agogo ba ku ba. Aibinsa ɗaya, inda suka ce a tsaya nan za a tsaya, in suka ce a tashi sai a tashi ko ranki bai gama da wurin ba.

In kuma da kanku za ku fita, akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa daga filin jirgin, layin M11, ku sauka a Gayrettepe ku canza zuwa M2 ku sauka a Vezneciler, kun shigo tsohon gari ke nan. Ku sayi katin Istanbulkart ku zuba masa kuɗi, da shi ake shiga jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa duka. Na fi yarda da jirgin ƙasa a kan tasi don gosilon garin nan ba ya da tausayi musamman da yamma.

Ku nufi dandalin Sultanahmet ku tsaya nan, kar ku je ko'ina. Masallatai biyu ne suke kallon juna, tsakaninsu lambu ne kawai. Ɗaya masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida wanda aka gina a farkon shekarun 1600, cikinsa duk tayil ne shuɗi. Ɗayan Aya Sofiya, wanda tun shekarar 537 yake tsaye, coci ne asalinsa, ya zama masallaci a 1453 da Sultan Muhammad Fatih ya ci garin, aka mai da shi gidan tarihi a shekarun 1930, sannan a 2020 aka dawo da salla a cikinsa. Hajiya ki daidaita zuwanku da lokacin salla, ki shiga a matsayin mai salla ba mai yawon buɗe ido ba, ki yi raka'o'inki ki zauna ki ɗaga kai ki kalli ƙubbar nan. Ni ranar da na fara jin ladanan masallatan biyu suna karɓa-karɓa, wannan ya faɗi jimla ya yi shiru wancan ya amsa, sai da na nemi wuri na zauna don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Wannan kaɗai ya biya kuɗin biza.

A bayan Aya Sofiya fadar Topkapi take, inda ɗakin amanoni masu tsarki yake, akwai kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin ba ƙaƙƙautawa. Amma layin shiga yana da tsawo kuma ranar Talata a rufe take. Babbar kasuwarsu mai rufi ita kuma Lahadi ba a buɗe ta, ko a buɗe take ma ba na ba ki shawarar shiga da awa huɗu a hannu, shaguna dubbai ne, kina shiga kin ɓata. Wurin da zan ce ki zaɓa a madadin Topkapi in ranki ya fi karkata ga ziyara shi ne Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, wanda Annabi ya sauka a gidansa da ya yi hijira zuwa Madina. Akwai taragon lantarki daga unguwar Eminonu da ke bin gefen ruwa ya kai ki can. Ɗaya za ki ɗauka cikin biyun, ba duka ba.

Sai maganar maigida da cikinsa. Ki kwantar masa da hankali, Turkawa suna cin shinkafa da wake, sunanta kuru fasulye da pilaf, farin wake ne a cikin miyar tumatir a zuba a gefen shinkafa mai man shanu. Ku nemi irin gidan abincin da suke kira lokanta, wanda tukwanen suke jere a bayan gilashi kana nunawa da yatsa ana zuba maka, nan ma'aikata da 'yan kasuwar garin suke ci, ya fi araha ya fi ɗanɗano kuma ba jira. Ku guji wanda aka tsayar da wani a ƙofa yana kiran mutane da takardar abinci mai hotuna cikin harshe biyar. Ku fara da miyar adas (wani irin ƙanƙanin wake) mai zafi da lemon tsami, sai kofte, wato niƙaƙƙen nama gasasshe, ku kora da ayran, nono ne tsinkakke da ɗan gishiri, mai shan fura da nono ba zai ga baƙon abu ba. Abincinsu ba yaji, ki ce a ba ki pul biber, dakakken barkono ne, ko ki saka ɗan yajinki a jaka tun daga gida. Shayi kuwa ko'ina ne a 'yan ƙananan kofunan gilashi. In minti talatin ya rage ku gangara Eminonu bakin ruwa ku sayi burodi da gasasshen kifi a ciki, ku ci kuna kallon jiragen ruwa masu tsallaka mutane daga Turai zuwa Asiya. Kuma ki duba tikitinki da kyau, filin jirgi biyu ne a garin, ɗayan Sabiha Gokcen yana can tsallaken ruwa, kar a koma wanda ba shi ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Zan raka mahaifiyata asibiti a Alƙahira, likita ya ce bayan gwaje-gwaje za mu yi kwana biyu muna jiran sakamako. Tana fama da ciwon gwiwa. Ina so in fitar da ita ta sha iska ta manta da asibiti, kowa sai ce min yake in kai ta dalar Fir'auna. Ya kake gani? Wani ɗan'uwa daga Kano.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da 'ya'ya masu yi maka haka. Gaskiya ni ba zan fara da dala ba. Giza, inda dalolin suke, tana can gefen gari, rairayi ne da rana da hawa da gangara, ga masu raƙuma da dawakai da ba sa barin baƙo ya numfasa. In dai tana so ta gani da idonta to ku je da sassafe a mota, a tsaya a wurin da ake hango dalolin uku gaba ɗaya, ta fito ta kalla a ɗauki hoto a juyo, awa biyu ta wadatar. Kar wani ya ruɗe ka da shiga cikin babbar dalar, hanya ce matsattsiya a sunkuye ake hawanta, mai lafiyar gwiwa ma yana fitowa yana ɗingishi. In kai za ka hau raƙumi ka gama ciniki kana ƙasa, ka kuma faɗa da bakinka cewa kuɗin har da saukowa.

Abin da na san zai taɓa zuciyar dattijuwa irin tamu shi ne unguwar Azhar. Masallacin tun wajen shekarar 970 Faɗimiyyawa suka fara gininsa, tsakar gidansa farin marmara ne, akwai inuwa akwai wurin zama, kuma ka faɗa mata cewa tun zamanin da akwai sashen ɗaliban Barno a cikinsa, wato mutanenmu sun daɗe suna taka wurin nan da ƙafa da raƙumi a hanyar Makka. A Alƙahiran ne kuma Imam Suyuɗi ya rayu ya rasu a 1505, ɗaya daga malamai biyun da suka rubuta tafsirin Jalalaini da take ji duk azumi. Tsallaken titi masallacin Sayyidina Husaini ne, a jikinsa kasuwar Khan Khalili take. Ka zaunar da ita a wani gidan shayi a bakin kasuwar kai ka shiga ka sayo mata carbi da turare, lungunan ƙanana ne da cunkoso, ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Rana ta biyu in da hali ku ziyarci kabarin Imam Shafi'i, da la'asar sakaliya kuma ku ɗauki jirgin ruwa mai filafilai a kogin Nilu na awa ɗaya, a zaune take iska na kaɗa ta, ba tafiya ba hayaniya. In kwanakin sun faɗo da Juma'a to da safiyar Juma'a za ku yi tafiya mai nisa, shi ne lokacin da titunan garin suke sarari.

Abinci kuwa a nan ne za ta yi mamaki, don rabin abin da ke garin ta san shi da wani suna. Mulukiyya miyar lalo ce, ayoyo dai, da yauƙinta da komai, sai dai sun fi mu zuba tafarnuwa. Bamiya kuɓewa ce. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, abin da suke kira dom kuwa goriba ce suke jiƙawa a sha. Burodinsu na gargajiya ɗan'uwan gurasar Jakara ne. Akwai tattabara da ake cusa wa shinkafa a gasa, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka. Kai kuma ka nemi koshari, shinkafa da adas da makaroni da taliya a kwano ɗaya da miyar tumatir da soyayyiyar albasa a sama, abincin talakan Masar ne kuma yana riƙe ciki yini guda. Amma tunda gwaji ake yi mata ka fara tambayar likita me za ta ci me za ta bari, ruwa kuma na roba kawai, ganye ɗanye da ƙanƙarar kan titi a haƙura da su.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guwanzu ta Adis Ababa sau uku a shekara, kullum sai dai otal da filin jirgi. Wannan karon ina da awa 14 da rana. Akwai abin gani kuwa? Kuma ya maganar naman garin, na ji an ce a yi hattara. Alhaji daga Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji akwai, kuma kai ka fi kowa sa'a don filin jirgin Bole a cikin gari yake, ba irin na Istambul ba. Ethiopian Airlines sukan ba mai jiran awa 8 zuwa 24 otal in babu jirgin da ya fi kusa, ka tabbatar da wannan tun wajen sayen tikiti, ka kuma tambaye su ko takardar da za su ba ka ta yarda ka zaga gari. Abu na farko da zan ja kunnenka a kai agogo ne. Mutanen Habasha daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne, bambancin awa shida ke nan, to in ka ce wa mai tasi ya dawo ƙarfe biyu ka nuna masa a wayarka ku fahimci juna. Na biyu garin yana kan tudu sama da mita 2,300, ka riƙe rigar sanyi, in ka ji kana haki a matattakala ba ciwo ba ne, iskar ce ba ta da kauri.

Maganar nama gaskiya ce amma ba abin tsoro ba ne. Musulmi da Kirista a can kowa da mahautarsa, na Kirista za ka ga alamar kuros a jikin shago, na Musulmi jinjirin wata ko rubutun Larabci, su da kansu suke rarrabewa ba wanda zai ji haushi don ka tambaya. Ka je wajen masallacin Anwar a kasuwar Markato ka yi azahar, gidajen abincin Musulmi suna nan kewaye da shi, wayarka dai a aljihun gaba don kasuwa ce irin tamu. Ka ci tibs, soyayyen nama da albasa da barkono, a kan injera, wadda take kamar faffaɗan sinasir mai tsami da ake yi da wata ƙwaya ƙarama mai suna tef. Da hannu ake ci, ka yago ka dangwala, yajinsu barbare kuma zai yi maka daɗi. Kitfo ɗanyen nama ne, mai tafiyar awa goma a jirgi a gabansa bai kamata ya gwada ba. In ba ka natsu da naman ba ka ce a ba ka shiro, miyar garin wake ce ba nama. Sannan kar ka bar garin ba ka zauna an yi maka gahawa irin tasu ba, a gabanka za a soya 'ya'yan a daka a dafa a tulun ƙasa, ga turaren wuta ga gugguru, zagaye uku ake sha, na ƙarshen sunansa baraka.

TAMBAYA: Malam za mu wuce ta Kasabalanka, awa 13. Zan iya zuwa Fas in ziyarci Shehu Tijjani in dawo? Wani bawan Allah daga Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa na san abin da ke ranka amma kar ka yi. Daga filin jirgin Muhammad na Biyar sai ka shiga jirgin ƙasa zuwa cikin Kasabalanka, ka canza wani zuwa Fas, wannan na biyun kaɗai wajen awa huɗu ne, zuwa da dawowa da jiran jirgi sun cinye awa goma ba ka ma shiga tsohon garin ba, shi kuma lungu ne cikin lungu mota ba ta shiga, zawiyar da ƙafa ake isa gare ta. Ziyarar Shehu ba a yin ta ana duba agogo. Ka roƙi kamfanin jirgin su ɗaga maka tafiyar da kwana biyu ka je ka kwana a Fas ka yi wazifa da jama'a hankalinka kwance. In bai yiwu ba wannan karon, ka shiga Kasabalanka ka yi salla a masallacin Hasan na Biyu da aka buɗe a 1993, wani sashensa a kan teku yake, hasumiyarsa ta kai mita 200, ka sha miyar harira da dabino da shayin na'ana'a ka komo filin jirgi da wuri.

TAMBAYA: Yaya Malam, ni ɗaliba ce zan tafi karatu Malesiya ta Doha, awa 9 zan yi kuma ni kaɗai ce, ga akwatuna biyu manya. Ina zan ajiye su in fita? Wata ƙanwarka daga Zariya.

AMSA: Ƙanwata in tikiti ɗaya ne daga gida har Kuwala Lumpur akwatunanki ba za ki gan su a Doha ba, za su wuce da kansu, ki dai tambayi wanda ya auna miki kaya ya nuna miki a jikin 'yar takardar da ya liƙa cewa har ƙarshen tafiya aka rubuta, ki adana takardar. Jakar hannu ce kawai a wurinki, ki sa fasfo da takardun makaranta da caja da maganinki a ciki. Tunda ke kaɗai ce kuma tafiyar farko, ki nemi teburin Discover Qatar a cikin filin jirgin Hamad, suna fita da masu jiran jirgi a rukuni na kamar awa uku su dawo da su, ana biya, ki tambaye su ko fasfonki ya cika sharaɗin fita. Suna bi ta bakin teku su kai ku kasuwar Suƙ Waƙif, a can ki sha shayin karak mai madara, in kin samu matan da suke sayar da abincin gida a dandalin ki sayi machbus, dafa-dukan shinkafa ce da kaza ko rago. In tsakiyar rana kika sauka a watannin zafi ki haƙura da fita, ki nemi ɗakin hutun mata ki yi salla ki miƙe ƙafa, ki kira gida ki ce kin sauka lafiya, ki saita ƙararrawar wayarki awa biyu kafin tashi da agogon Doha ba na Najeriya ba, don suna gabanmu da awa biyu.